Alhaji Mijinyawa da Kasuwar Mutum Miliyan Ɗari Biyu

Wanda duk ya ce Allah bai yi wa Hausawan Onitsha baiwa ba, to bai taɓa ganin Alhaji Mijinyawa Indabawa yana fitowa daga mota ba. Tumbinsa ke fara leƙowa ya duba gari, in ya ga lafiya sai sauran Alhaji ya biyo baya. Mutum ne mai kwarjini, mai sakin hannu, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Shekara talatin yana sauke tirelolin albasa daga Aliero, kuma a duk faɗin unguwarmu ta Fegge ba a yi attajirin da ya sa jama'a hawaye kamarsa ba, duk ta hanyar halal. In ya yi atishawa a rumfa, mutum goma ke rige-rigen yi masa addu'a tun bai yi hamdala ba. Mu da muke fakewa a inuwarsa mun daɗe da sanin cewa albasa ta yi masa kaɗan. Shi ma ya sani, don shi ya fara gaya mana.

Ƙofar ɗaukaka ta buɗe masa ne a Dubai, a hanyarsa ta dawowa daga Umra. Zafi ya kora shi cikin wani katafaren zaure mai sanyi, ashe baje kolin kayan asibiti ake yi. Yana neman kujera ya ci karo da wani siririn mutum mai tabarau, wakilin wani kamfani daga can ƙasashen Gabas. Sunan kamfanin ya fi ƙarfin harshenmu, don haka har yau Kamfanin Matse Hannu muke ce masa. Abin da suke ƙerawa na'urar awon jini ce, irin wadda ake ɗaura wa mutum a damtse ta matse shi, ta sake shi, sannan ta faɗi lambarsa. A bayan siririn akwai taswirar duniya, an shafa wa Nijeriya jan launi.

Siririn ya yi bayani ta bakin tafinta. Ya ce a ƙasarsu kowane gida ya riga ya mallaki tasa, shi ya sa suka fito neman manyan kasuwanni masu tasowa. Ya ɗora yatsa a kan jan launin ya ce a nan akwai mutum sama da miliyan ɗari biyu, da yawansu jininsu na hawa ba su sani ba, abin da ya rage kawai a sami mutumin da ya san su.

Alhaji ya gyara zaman hula. "Gaya masa ya daina nema. Waɗannan miliyan ɗari biyun mutanena ne. Rabinsu sun ci albasata."

Kafin sanyin zauren ya gama ratsa shi an yi magana an gama. Kamfani zai aiko masa da na'ura ɗari shida na gwaji. In kasuwa ta motsa cikin wata shida, za a ba shi takarda mai tambarin zinare da ta naɗa shi wakili tilo a duk Afirka ta Yamma. Takardar nan ce ta shiga ran Alhaji ta yi kaka-gida. Riba ya saba gani, amma tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa rubuta sunansa a ƙarƙashin tambari ba, sai dai a jikin buhu. Tun a jirgi ya zaɓi bangon da zai rataye ta.

Da ya dawo bai ɓata lokaci ba. Ya tara 'yan kasuwar albasa ya miƙa wa ƙanensa Hashim rumfa, ya ce shi kam ya yi sallama da wari. Ya kama shago a bakin titi, aka kafa allo wanda ya fi ƙofar shagon faɗi. Ya sa tela ya ɗinka masa farar rigar likitoci da zai riƙa ɗorawa a kan babbar riga, sai da aka haɗa yadin mutum biyu. A gabansa muka fara kiransa Ambasada, ya karɓa ba musu. A bayansa kuwa Dakta Albasa ne, wannan ma ina jin ya sani.

Da kwalayen na'ura suka iso, ranar wata Juma'a bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa da kwali ɗaya a hannu.

"Jama'a, ku saurara da kyau, don abin da zan faɗa ba a rumfar mai shayi aka samo shi ba. Manyan duniya sun zauna sun yi lissafi, sun gano cewa mu ne emajin maket. Kun san emajin maket? Ba ku sani ba, kuma ba laifinku ba ne. Kasuwa ce mai tasowa. Wato ni da ku tasowa muke yi, amma ni na riga ku. Daga yau ba wanda zai sake faɗuwa a Fegge a ce aljanu ne. No more guess work! Kowane magidanci zai ajiye likita a ƙarƙashin matashinsa."

Ya fasa kwalin, ya ɗaura wa Baba Yelwa ladan a damtse. Na'ura ta yi gurnani ta matse tsoho har ya yi salati, ta sake shi, lamba ta fito. Aka yi kabbara. To a nan ne fa aka sami matsala, domin babban mutum ba ya nuna sabon abu a ƙofar masallaci, ido ɗari uku na kallonsa, sannan ya mayar cikin kwali ya tafi da shi gida. Alhaji ya ji idanun nan a jikinsa, ya ji daɗinsu har cikin ƙashi.

"Wannan ta masallaci ce," in ji shi. "Sadaka. Allah ya kai ladan kabarin mahaifina."

Kabbarar da aka yi sai da ta tayar da tantabarun kan rufi. A ransa ya ce ai ɗanɗano ne, kowane ɗan kasuwa ya san amfaninsa: ka ba mutum ya lasa, gobe ya dawo ya saya. Abin da ya manta shi ne ɗanɗano cinyewa ake yi ya ƙare. Na'ura kuwa ba ta ƙarewa.

Kwana uku labari ya isa Enugu. Mutanenmu na unguwar Asata suka aiko a tambayi Ambasada ko su ba Musulmi ba ne. Ya shiga mota ya je, ya yi jawabi a gefen Kasuwar Artisan, inda ya bayyana cewa shi da mai kamfanin a kwano ɗaya suke cin abinci, ya bar musu guda. Mutanen Fatakwal ba su ma aiko ba, fushi kawai suka yi, fushin ya iso da kansa. Can ma ya je, ya bar musu tasu. A jawabin Fatakwal ne muka fara jin cewa a Dubai sai da aka dakatar da taron duniya gaba ɗaya don Alhaji ya yi alwala.

Yanzu bari a faɗi gaskiya game da mu, tunda ba baƙo a wurin. Siririn nan mai tabarau ya ƙirga kawunanmu, amma bai tambayi halinmu ba. Mu mutane ne da tsani ɗaya ke yi wa layi guda hidima shekara ashirin, har a manta mai shi, in ya zo nema a ce ya jira a gama. Babbar tukunyar suna, dutsen guga, baro, tabarmar zaman makoki, in maƙwabcinka yana da su to kana da su. Kai, sayen naka ma abin zargi ne, sai a fara tambaya ko kun ɓata da maƙwabcin. Zaman baƙunta a Kudu ya ƙara mana wannan hali, don a nan ba ka da kowa sai wanda kuke sahu ɗaya. Ba mu ɗauke shi aibi ba, zumunci muke ce masa, kuma yana da arha.

Baba Yelwa ya ɗinka wa na'ura jaka, ya samo benci. Kullum bayan La'asar layi ke kamawa daga ƙofar masallaci har wajen mai gyaran takalmi. Tsohon da bai taɓa zama a aji ba ya zama gwanin lamba, har da fatawa. "Ɗari da hamsin. Rage gishiri, rage faɗa da iyali. Na gaba!" Magidanta suka mayar da abin gasa, wanda ya sami ɗari da ashirin ya yini yana taƙama, wanda ya zarce ya ce na'urar ce ba ta huta ba, a sake. Da safe kuma ta shiga gidaje wajen mata, daga wannan zaure zuwa wancan, ta dawo tana ƙanshin daddawa. Har maƙwabtanmu Inyamurai suka gano hanya. Wata mai sayar da garin rogo kullum sai ta tsaya ta miƙo hannu: "Mallam, abeg check me small."

Kuma abin ya yi amfani, wannan ba wasa a ciki. Badaru mai tuƙa keke ya zauna a bencin nan yana raha, lambar da ta fito ta sa Baba Yelwa ya kama hannunsa bai sake ba sai a asibiti. Likita ya ce da ya ƙara mako guda da labari ya sha bamban. Matarsa ta zo har shago tana kuka tana sa wa Alhaji albarka, shi ma idonsa ya ciko, don mutum ne mai tausayi. Da ta lafa ya nuna mata kwalaye, ya ce ya kamata irin Badaru ya ajiye tasa a gida. Ta share hawaye ta ce Allah ya saka da alheri, ai Baba Yelwa yana auna shi safe da yamma.

Ambasada dai kullum sai ya zo ya ɗauki hoton layi ya aika wa kamfani, ya rubuta a ƙasa cewa kasuwa ta kama wuta. Kamfani ya yi ta aiko da hoton babban yatsa a ɗage. A shago kuwa kwalaye na nan jere har rufi, ba wanda ya taɓa su sai ƙura. Masu shigowa suna da yawa, ba a musu: wani ya zo gaisuwa, wani ya zo shan iskar fanka, wani ya zo tambaya ko in an gama da kwalayen za a ba shi ya zuba tumatir. Da wata na uku ya shiga, in Alhaji ya rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai ya dubi tulin nan, tsoro ne ke kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da tirelarsa ta kife a Lokoja.

Uwargidansa Hajiya Zakiyya ce kaɗai ta faɗa masa a fuska, tana zuba masa miya.

"Alhaji, wa zai sayi abin da ka ajiye masa kyauta a masallaci?"

"Ke ba ki san intanashinal bizines ba."

"Ban sani ba kam. Amma ko ƙosai nake sayarwa, ba zan kai kwano ƙofar masallaci kullum in ce kowa ya ɗiba, sannan in dawo gida in zauna jiran ciniki ba."

Ya ture kwanon ya tashi, abin da bai taɓa yi wa tuwo ba. Ya san ta yi gaskiya, kuma ya san ba gyara. Sadakar da aka riga aka aika kabarin uba, a gaban sahu bakwai, wane ne zai je ya ce a dawo masa da ita? Sai ya koma ga hanya ɗaya da ta rage, Allah ya yafe masa, ya shiga fatan na'urar ta lalace. Kullum in ya wuce benci sai ya rage murya.

"Baba, ya na'ura? Ba ta fara 'yan ciwace-ciwace ba?"

"Garau take, Ambasada! Ai kayanka ba na banza ba ne."

Bai taɓa jin yabon da ya ƙona masa rai irin wannan ba. A wata na huɗu robar damtsen ta tsage, Alhaji ya kwana da fara'a. Washegari mai facin taya ya liƙe ta, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce shi ma yana neman lada. Sai ga albishir daga Fatakwal: ruwan sama ya shiga masallaci, tasu ta sha ta mutu. Alhaji ya sa aka share shago, ya zauna jiran masu saye. Suka zo kuwa, dattawa shida daga Fatakwal cikin manyan riguna. Suka gaishe shi, suka gaida iyali, suka gaida gajiya, suka tuno alherin mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya har da wanda marigayin bai yi ba, suka yi masa addu'a mai tsawo. Da suka tashi tafiya akwai sabon kwali a hammatar babbansu, kuma Alhaji ne da kansa ya raka su mota yana cewa ba komai.

Wata shida suka cika, kamfani ya aiko cewa wakilinsa na tafe ranar Asabar ya ga kasuwa da idonsa. Alhaji ya tashi tsaye. Aka kafa rumfuna a ƙofar masallaci, aka jera kujeru, aka ɗauko bas biyu daga Enugu, ɗaya daga Fatakwal. Aka nemo tafinta, aka sayo kilishi, aka wanke farar riga aka sa mata bula. Dabararsa ita ce siririn ya ga taro ya ruɗe, ya sa hannu kafin ya tuna da tambaya.

Da hantsi keke ya tsaya, wata matashiya mai mayafi ruwan toka ta sauko da jaka a kafaɗa. Ta nufo Alhaji ta rusuna.

"Barka da hantsi, Baba. Mun same ku lafiya? Sunana Ramlatu, ni ce jami'ar kamfani a Nijeriya, daga ofishinmu na Legas."

Alhaji ya leƙa bayanta, ya leƙa cikin keken. "Madalla, 'yata. Ina Ogan naku?"

"Ni ce dai, Baba."

Tafinta ya ja kujera ya zauna ya fara cin kilishi. Ashe a Asata aka haifi Ramlatu, 'yar wani mahauci ce, ta san mu ciki da bai. Ta kalli layin Baba Yelwa, ta kalli facin taya a jikin roba, ta ce a kai ta shago. Ta daɗe tana duban kwalayen nan. Da aka dawo rumfa Alhaji ya karɓi lasifika, ko da yake ba ya buƙata.

"Ki gaya musu a can cewa kasuwa irin wannan ba a yi mata gaggawa. Yanzu muna matakin wayar da kai ne, awayanes. Dubi jama'ar nan! Jiha uku! Babu hannun da na'urarku ba ta matsa ba a nan, har na waɗanda ba sa salla. Wane wakili ne a duniya ya taɓa matse mutane da yawa haka cikin wata shida?"

Muka yi tafi, don an ba mu shinkafa. Ramlatu ta jira tafin ya mutu, sannan ta buɗe jaka ta zaro wata takarda mai kauri ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora biro a gefe. Tambarin zinaren ya ɗauki rana. Ga sunansa nan an riga an buga, Mijinyawa Indabawa, harafi manya-manya, wurin sa hannunta kawai ya rage. Alhaji ya zuba mata ido. Ya so ya taɓa, ya ji kunya, ya mayar da hannu cikin aljihun farar riga.

"Baba," in ji ta cikin ladabi, "na ga abin da na'urar nan ta yi wa mutane, kuma wallahi ya burge ni. Ina so in sa hannu. Amma kamfani ba hannuwan da aka matsa yake tambaya ba, gidajen da suka ajiye tasu yake tambaya. Ban ce ɗari ba, ban ce goma ba. A nuna mini gida ɗaya tak, in ɗauki hoto in ce kasuwa ta fara tsiro. Sauran ni na san yadda zan yi da su."

Alhaji ya juyo gare mu da fara'a. "Kun ji. Wanda ya ajiye tasa a gida ya ɗaga hannu."

Ba mu taɓa sanin takalmanmu na da abin kallo haka ba. Mutum ɗari huɗu, jiha uku, kowa ya sunkuya. Wani daga Enugu ya ce shi dai yana da niyya. Badaru ya ɗaga hannu, zuciyar Alhaji ta yi tsalle, ashe ƙuda yake kora.

Ramlatu 'yar halak ce, ba ta so dattijo ya kunyata a gaban jama'arsa. Ta sassauta murya, ta buɗe masa ƙofa da faɗi.

"To ai ba sai an wahalar da kowa ba, Baba. Taka ta gida fa? Gidanka ma gida ne. Mu je in ɗauki hotonta, shi ke nan."

Duk mun ga ƙofar. Hashim har ya zaro mabuɗin shago ya fara zamewa ta baya, don ya riga su kai kwali ɗaya gida. Hajiya Zakiyya daga cikin mata tana ta gyaɗa masa kai. Abin da ake nema wajen Alhaji bai wuce ya ce to ba. Amma tambayar ba Ambasada ta samu ba, ɗan kasuwar da ke ƙarƙashin farar rigar ta samu, wanda aka haifa a cikinmu ya girma a cikinmu, kuma shi ya riga kowa kaiwa ga lasifika.

"Tawa? In fasa sabon kwali, kayan sayarwa, alhali ga ta masallaci tana aiki garau? Haba 'yar nan! Kin ga alamar almubazzari a jikina?"

Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. "Gaskiya ne!" "Allah ya ja kwana, Ambasada!" 'Yan Fatakwal suka miƙe tsaye, 'yan Enugu suka yi kabbara. Shekara talatin yana yi mana jawabi, bai taɓa faɗin abin da ya shiga ranmu irin wannan ba, kuma wannan tafin ba na shinkafa ba ne. Alhaji ya ɗaga hannu biyu yana karɓar gaisuwa, ya juya dama, ya juya hagu, fuskar nan kamar an ba shi sarauta.

Sai da ya juyo wajen tebur ya ga ba komai a kai sai farantin kilishi. Ramlatu tana zuge jakarta a hankali, ta rusuna ta ce motar kamfani za ta zo ɗaukar kwalaye ranar Litinin, Allah ya ƙara girma.

Alhaji ya nemi kujera ya zauna, gumi na bin wuyan farar riga. Baba Yelwa, da yake yanzu ya san alamun, ya ratso taro da jakarsa ya durƙusa a gabansa.

"Ambasada, fuskar nan taka ba ta yi mini ba. Miƙo hannu in auna ka. Kada ka damu, kyauta ne."